Kwalaben Baba a Cikin Ƙanƙara

Zafin bana ya yi kama da na waccan shekarar, ko kuwa ni ne nake ganin haka. Tun hantsi kwanon aji ke fara ƙara, allin hannuna ya jiƙe da gumi har ya ƙi kama tablo. Ina koyar da ilimin halittu a wata lise, wato makarantar sakandare, a Magariya, kuma darasin da ke faɗo mini a ƙarshen bazara kusan kowace shekara shi ne na furotin. Nakan zana doguwar sarƙa, in nuna yadda wani sashe nata ke murɗewa kamar igiya, wani ya jeru gefe da gefe kamar shimfiɗa, sannan dukanta ta naɗe ta ɗauki siffa guda, wadda in ta ɓaci aikinta ya ɓaci. Nakan ce zafi na warware naɗin, tsami ma haka, in kawo misalin ƙwai a cikin mai. In na zo kan sanyi sai in rubuta layi ɗaya da sauri in goge. Na daɗe ina wannan saurin. Bana na rubuta layin, na ɗauki tsumma, na tsaya da shi a hannu har aka kaɗa ƙararrawa.

Shekarar da nake nufi, kusan goma ke nan, azumi ya kama a ƙarshen bazara, ruwa bai sauka ba tukuna. Ni kuma na dawo daga jami'a a Yamai da takardar lisansi, ina zaune a ƙauyenmu, tafiyar rabin awa a moto, wato babur, daga Dogo-Dogo, ina jiran a kira ni aiki. Mutanen gari suka fara ce mini Mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, makarantar boko ke nan, tun ban taɓa tsayawa gaban aji ba. Wasu da girmamawa suke faɗa, wasu da ɗan murmushi. A gida kuwa Auta nake, har gobe.

Zafin ba na tsakar rana kaɗai ba ne. Da shi ake tashi sahur, da shi ake shan ruwa. Iska ta tsaya cik. Da azahar kaji kan shige ƙarƙashin rumbu su buɗe baki, jakuna su sunkuyar da kai ko kunne ba su kaɗawa. Gawon bakin gonarmu ya fara zubar da ganye, tsofaffi suna cewa damina ta kusa, amma gabas fes take kullum. Rijiya ta ja ƙasa har sai da aka ƙara igiya, guga ya riƙa fitowa da rabin laka, a zuba a bari ya kwanta. Rumbunmu saura dammuna kaɗan, ban da na iri da Baba ya rataye a ɗakinsa, wanda ko kallonsa ba a so a cika yi. Buɗa baki kunun tsamiya ne, sai tuwon dawa da miyar kuka. Fura akwai, amma ba nono, shanu sun bushe. Maza sun gama sassabe da ƙona, an kai taki a amalanke, aiki ya ƙare sai jira. Bayan asuba kowa ya leƙa gabas, bayan la'asar ya sake leƙawa.

Baba, Malam Idi, ba ya azumi a shekarar. Ciwon sukari ya kama shi shekara biyu kafin nan, kuma majo, wato babban malamin jinya na dispansar ɗin yankinmu, ya hana shi. Allura yake yi safe da yamma, insulin, irin mai fari kamar ruwan nono, wadda sai an murza kwalbar a tafin hannu kafin a zuƙa. Rashin azumin na ba shi kunya ƙwarai. In zai sha ruwa sai ya shiga ɗaki ya saki labule, kamar mai sata.

Kwalba uku yayana Sale kan kawo a tafiya ɗaya daga Magariya, su yi wata biyu da wani abu. Inna ce mai ajiya. Tana da wani babban kasko cike da rairayi a gefen randa, ƙarƙashin rumfa inda iska ke ɗan ratsawa. A tsakiyar rairayin ta dasa ƙaramar tukunya, kwalaben na ciki, ta rufe da jiƙaƙƙen tsumman buhu. Kowace salla, in ta gama alwala, ragowar ruwan buta a kan rairayin yake ƙarewa. A watan da ake auna ruwa da moɗa, ban taɓa ganin rairayin nan ya bushe ba.

Ni ne na ga aibin tukunyar. Ina so in faɗi gaskiyar dalili gwargwadon yadda na fahimce shi yanzu. Akwai tsoro na gaske, domin na san zafi na kashe maganin. Amma akwai kuma wani abu. Wata huɗu ina zaune, Yaya Sale ya fi ni iya komai na gona, Inna ta fi ni iya komai na gida, kuma ga abu ɗaya a gidan nan da ya shafi karatuna.

Wata la'asar, kwana biyu ko uku da kamawar azumi, na zauna kusa da ita tana saƙar kaba. Tabarma take haɗawa, tana tsoma yatsu a ƙwarya tana yayyafa wa kabar ruwa don ta lanƙwasu.

Na ce, “Inna, maganin Baba fa ba ruwa kawai ba ne. A cikinsa akwai wasu zaruruwa ƙanana da ido ba ya gani, kowane a naɗe yake, naɗi na musamman. Naɗin ne ke aikin.”

“Kamar kirtani?”

“Kusan haka. A murɗe suke, kamar yadda kike zagaya faifai. In zafi ya buge su sai murɗin ya saki, su miƙe, su manne da juna gefe da gefe kamar yadda kike haɗa wannan tabarmar. In sun manne shi ke nan, ba su komawa.”

Ta dubi tabarmar, ta dube ni. “To ai tabarma abin kirki ce.”

“A nan ba abin kirki ba ce, Inna.”

“Ikon Allah. An tura yaro Yamai, ya dawo tabarma ta zama laifi.”

Baba yana kishingiɗe a gefe, ya yi dariya har da tari. Inna ta tashi ta kama hannuna ta tura cikin tukunyar. Da sanyi, sanyi mai daɗi irin na gindin randa. Ta ce shekara biyu ke nan tana riƙon maganin, bai taɓa kawo ƙararta ba.

Na ce, “Da sanyi kam. Sai dai ba mu san ko ya kai yadda ake so ba, tunda ba a auna ba. Kuma zafin bana daban ne. Ina ganin, in ba damuwa, wadda ake amfani da ita ta zauna nan, biyun in kai su firigo.”

Baba ya ce, “Ke bar shi. Shi ya yi karatun abin.”

Inna ta buɗe tukunyar. Ta naɗe kwalba biyu a tsumma ta ba ni.

A lokacin firigo ɗaya na sani a kusa, na Alhaji Mato mai kanti a Dogo-Dogo. Irin mai murfi a sama ne, kamar akwati, inji ke ba shi wuta, kuma ƙanƙara yake yi. A azumi kuwa ba abin da ya kai ƙanƙara daraja. Tun la'asar mutane ke cika ƙofar kantin, masu moto daga ƙauyuka da buhunan dusa don kada ta narke a hanya, kowa na miƙa hannu. A cikin wannan hayaniya na isa.

“Mushe! Yamai ta sako ka ke nan? Ina Malam Idi, ya jikin?”

Na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ga abin da na ce, in ban manta ba: “Alhaji, in da hali, a ɗan sa mini a inda yake da sanyi, amma dai a gefe, ba lallai can ciki sosai ba, yadda dai ya sauƙaƙa.”

Ya karɓa da hannu biyu. “Maganin Malam Idi? Tare muka yi allo fa. Ko ƙanƙarata duk ta narke, wannan ba zai ji zafi ba. Je ka abinka.”

Kalma uku ya kamata in faɗa: kada ya daskare. A rubuce suke a takardar cikin kwalin, kuma na karanta. Firigon ma ba shi da wani gefe, duk cikinsa ƙanƙara ce, na ga haka da idona da ya ɗaga murfin. Amma dattijo ne, alfarma yake yi mini a gaban mutane, sai na ji nauyin in gindaya masa sharaɗi. Na ce a raina zai fahimta. Na yi godiya na tafi, har ya ba ni guntun ƙanƙara in kai wa Inna.

Wajen goma ga azumi kwalbar gida ta kusa ƙarewa, na koma. Alhaji ya naɗe hannun riga, ya riƙa fitar da ledojin ƙanƙara yana tarawa a gefe, ya zura hannu har kafaɗa.

“Ka gani? Can ƙasa na sa maka, inda ba mai kaiwa sai ni.”

Tsumman ya sandare kamar fata. Na buɗe, maganin ya zama farin dutse a cikin kwalba. Alhaji na kallona yana jiran in yaba, na yaba. Na ɗauki ɗaya. Ɗayar kuma na bar ta ya mayar can ƙasa, domin in na ce zan tafi da duka sai ya tambayi dalili.

A hanya na tsaya ƙarƙashin wata aduwa. Kwalbar ta narke a aljihuna. Na murza ta a tafin hannu kamar yadda muke yi, na ɗaga ta sama. Da can in an murza, farin kan haɗe sumul. Yanzu ga wasu ƙanana kamar tsaki suna yawo, ga wani fari ya like a jikin kwalbar ya ƙi saki. Na san abin da nake gani. In ruwa ya daskare, zaruruwan nan kan matsu a ɗan abin da ya rage, su goge da ƙanƙara, naɗin wasu ya saki, su cure. Narkewa ba ta mayar da su yadda suke. Na amsa tambaya a kan irin wannan a jarrabawa, na kuma ci.

Na daɗe a gindin aduwar ina yi wa kaina bayani. Wataƙila ba duka ya lalace ba. Wataƙila rabi na nan. Ai a ɗakin gwaji ma ana daskarar da wasu furotin su tashi lafiya. Duk waɗannan maganganu akwai ɗan gaskiya a cikinsu, shi ya sa suka yi mini daɗin riƙewa. Abin da ya rage shi ne, sabuwar kwalba sai an je Magariya, kuma kafin a je sai na tsaya gaban Baba da Inna da Yaya Sale na faɗi dalili. Na mayar da kwalbar aljihu na tada moto.

Inna ta karɓa, ta juya ta a hasken ƙofa. “Auta, wannan kamar da gari-gari a ciki.”

Na ce, “Wani haka yake zuwa, Inna. Mai yiwuwa ba wuri ɗaya aka yi su ba.”

Ta sa ta a tukunya, ta jiƙa rairayi. Tun dawowata ni ke yi wa Baba allura, don idona ya fi nasa ganin layukan sirinji. Da hannuna na yi masa ita, safe da yamma, kwana ashirin ko kusa da haka.

A sati na farko ƙishirwa ta ƙaru masa. Labulen ɗakinsa ya riƙa sauka sau goma a yini. Yakan ce, “Ƙishirwar masu azumi duk ta tattaru a kaina, ni da ba na yi.” Kowa ya ce zafi ne, kuma wa zai musa, ga mu duk leɓunanmu sun tsage. Daga baya na ga tururuwa ta yi layi a makewayi inda yake fitsari. Na tura ƙasa da ƙafa na rufe. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Kowace safiya ina cewa yau zan faɗa, kowace yamma ina cewa bari in ƙara ganin gobe.

Wasu a gari sun gaji da jira sun yi binne, wato sun shuka a busasshiyar ƙasa suna fatan ruwa ya iske iri a ciki. Baba ya ƙi. Ya ce irinsa bai kai na caca ba.

Ruwa ya zo wajen ashirin ga wata, bayan la'asar. Gabas ta yi baƙi kamar gindin tukunya, iska ta taso ta kwashe zanar makwabta, awaki suka ruga gida da kansu. Sai ƙamshin ƙasa, wanda ke shiga har ciki ya tuna wa mutum yunwarsa. Na tuna maza a tsaye a tsakar gida ruwa na dukansu, fuska a sama, baki a rufe gam don azumi. Inna na ta jera ƙore da tukwane a bakin indararo tana kiran Sale ya kawo randar baya. Baba kaɗai ke da izinin buɗe baki a gidan, amma yana zaune a bakin ƙofa, bai buɗe ba.

Da gari ya waye ya tona ƙasa da hannu, laima ta wuce tsawon yatsu da tafi. Ya sauko da iri. Gari duk ya fita gona, har tsofaffin da ba su iya komai sai addu'a. Ni da Yaya Sale muna gaba da sungumi muna saran ramuka, Baba da Inna na biye da ƙoƙon gero, a jefa a rufe da diddige. Azumi a bakinmu, rana ta dawo da hucin laima, amma ba mai jin gajiya a irin wannan rana. Sale na tsokanata wai layina ya karkace kamar rubutun likita. Baba ya tuɓe takalmi tun a bakin gona, kamar yadda ya saba, yana cewa da takalmi mutum ba ya jin ko ramin ya rufu.

Inna ce ta ga jini a sawunsa. Kututturen sabara da aka sare a sassabe ya shige ƙarƙashin yatsunsa na hagu, ya kuwa yi layi biyu bai ji ba. Aka wanke, aka ɗaure da tsumma, ya ce ba komai, ya ƙarasa ƙoƙonsa.

Ciwon bai kama hanyar warkewa ba. Gero ya tsiro, gona ta yi kore siriri, ƙafar Baba na kumbura. Ranar Salla a amalanke aka kai shi filin idi, ya yi salla a zaune. Kwana biyu bayan Salla ɗakinsa ya fara wani wari, Sale ya ce ba za a ƙara kwana ba.

A dispansar majo ya buɗe tsumman. Ya soki yatsan Baba ya auna sukari, ya sake aunawa. Sannan ya ce a ba shi kwalbar. Ya kai ta bakin taga ya murza, ya ɗaga.

“Wannan ai ya mutu. Ruwa kuke yi masa. Ina ake ajiye shi?”

Inna ta ce, “A tukunya, cikin rairayi.”

“Ana jiƙawa?”

“Kowace salla.”

Ya girgiza kai. “Tukunya kan riƙe fa, in ana kula. Amma zafin bana ya wuce misali.” Sai ya juyo gare ni. “Mushe, kai ka yi karatun abin nan. Me ka gani?”

Ɗakin ƙarami ne, mu biyar a ciki. Ina jin ƙudaje a jikin taga. Na ce, “Mai yiwuwa zafin ne. Da wuya dai a tabbatar.”

Majo ya rubuta takardar tura mu asibiti a Damagaram. A waje, muna jiran mota, Inna ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya don kada Baba ya ji.

“Ka faɗa mini tun farko, Auta, na tsaya gardama. Lafiya lau ka ɗauko shi daga firigo, a hannuna ya lalace. Da ma duka ukun ka kai.”

Na ce, “Inna, ƙaddara ce.”

A Damagaram aka cire yatsu biyu da wani sashe na tafin ƙafar. Mun fi wata a can. Noman farko dangi da makwabta suka yi mana gayya, Sale ya yi maimai shi kaɗai. Wani likita ya ce mai irin wannan ciwo, ko maganinsa na aiki, rauni a ƙafa kan iya kai shi nan. Ba ƙarya ya yi ba, kuma na riƙe maganarsa shekara da shekaru kamar takardar shaida. Ba zan iya rantsuwa cewa da kwalbar na da kyau ƙafar za ta tsira ba. Abin da zan iya rantsuwa a kai shi ne abin da na gani a gindin aduwa. Kwalba ta uku kuwa, da muka dawo na karɓo ta wurin Alhaji, na sake yi masa godiya, na jefa ta a masai.

Baba bai ƙara bin sungumi ba. Ya rayu shekara shida yana dogara sanda, yana zama bakin gona yana ba da umarnin da ba mai bukata. Daga nan kwalba ɗai-ɗai ake karɓo masa, kuma tunda ba wata dabara, tukunyar Inna ta ci gaba da aiki. Sai dai Inna ta daina yarda da ita. Jiƙawa ta tashi daga sau biyar ta koma ba adadi. Tana cikin daka sai ta ajiye taɓarya ta je ta taɓa rairayi. Ba ta yarda wani ya jiƙa mata. A shekara shidan nan ba ta kwana a wani gari ba ko sau ɗaya, biki ko suna ko rasuwa. Ni kuma aka kira ni aiki, na tafi, ina zuwa hutu ina ganin wannan duka. Bayan rasuwar Baba ta fasa kaskon ta zubar da rairayin a bayan gida.

Yanzu azumi ya ja baya ya koma watannin sanyi, yaran da nake koyarwa ba su san irin wancan ba. Ƙauyenmu ya samu famfo mai aiki da hasken rana, gidaje biyu ko uku sun sa farantin wutar rana a kan rufi, ana yin ƙanƙara a cikin gari. Alhaji Mato ya rasu bai san komai ba. Zafin ƙarshen bazara ne kawai bai sake ba, da leƙen gabas.

Asabar ɗin da ta biyo bayan darasin na hau moto na je gida. Na iske Inna a rumfa da hantsi tana tsaga kaba. Idonta ya rage, da yatsu take gani. Muka gaisa, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Sai na fara. Na ce akwai wata magana da ta daɗe, wadda wataƙila ba ta da amfani yanzu, kuma ban tabbata yadda za ta ɗauke ta ba, kuma a lokacin abubuwa da yawa sun haɗu.

Ta ce, “Auta, azahar na tafe. Faɗi.”

Na faɗa. Firigon, ƙanƙarar, aduwar, tsakin da ta gani da idonta na ce mata haka yake zuwa, kwalba ta uku. Ban ɗaga kai ba sai da na gama. Hannunta ya tsaya a kan kabar.

“Ranar da majo ya tambaye ka, ka sani?”

“Na sani.”

“Da ƙanwata Ladi ta rasu a Waca, ko sadakar uku ban tsaya ba. A ranar na juyo saboda rairayi, danginmu har yau suna faɗa. Lokacin ma ka sani?”

“Na sani, Inna.”

Wata akuya ta shigo ta ja kaba ɗaya, Inna ba ta kore ta ba. Na so ta yi faɗa, ko ta yi kuka, ko ta ce in tashi in bar mata gida. Da ta buɗe baki, tambaya ta yi.

“Tukunyar ba ta da laifi ke nan?”

“A iya sanina, in aka duba yadda…”

Ta ɗago ta dube ni.

Na ce, “Ba ta da laifi.”

“To.” Ta tattara kabar ta ajiye a gefe. “Habsu matar Malam Garba, ciwon ya kama ta bara, allura take yi. Ta zo nan ta ce in nuna mata yadda ake tukunya. Na ce mata kul, tukunya ce ta ci ƙafar mijina. Na ce ta kai gidan masu firigo. Can take kaiwa.”

Na tambaya wane irin firigo ne, ta ce wanda ake ƙanƙara mana, wane iri ne kuma. Na fara cewa ba lallai nata ya daskare ba, ya danganta da inda suke sa shi, zan iya bincikawa a hankali ba tare da an tada hankalin kowa ba.

“Mutum nawa na faɗa wa haka, ni ma ban sani ba,” in ji ta, kamar ba ta ji ni ba. Ta dafa ginshiƙin rumfa ta miƙe, ta jawo mayafinta daga kan igiya. “Tashi.”

Muka fita cikin rana. Tana gaba ina biye, ba ta waiwayo ba. Mutane na zaune a inuwar masallaci, suka ce Mushe an zo lafiya, na amsa. A ƙofar gidan Malam Garba ta yi sallama, aka amsa daga ciki, muryoyin mata uku ko huɗu. Ta shiga ta tsaya a tsakar gida, ta matsa gefe ta bar ni a fili.

“Habsu, aika a karɓo maganinki. Ku ma ku matso ku ji. Ga Mushe nan, yana da magana.”